Wa Ke Ɗaura Aure a Ƙasar Hausa?

Idan Bahaushe zai ba da labarin cewa aure ya tabbata, abin da yakan ce shi ne "an ɗaura aure". Wannan ɗan lafazi "an" yana ɓoye mai aikin, bai faɗi ko wane ne ba. In aka matsa wa mai maganar da tambaya, sai ya ce ai malam wane ne ya ɗaura, ko kuwa limamin unguwa kaza. Amma harshen yana da waɗansu kalmomin da suka fi wannan fayyace al'amarin. Akan ce wane ne ya "ba da" auren, wane kuma ya "karɓa", sa'an nan aka "shafa fatiha". Mai bayarwa daban, mai karɓa daban, mai addu'a daban. Mutum uku ke nan, kuma kowannensu zaɓensa ake yi kafin ranar. Abin da ake son nunawa a wannan lacca shi ne, a cikin ukun nan, wanda jama'a suka fi zuba wa ido, watau malami, shi ne wanda shari'a ta fi sassautawa a kansa. Wanda kuwa akan yi wa zaɓen sakaci, watau waliyyi, shi ne wanda kuskure a kansa yake iya rushe auren baki ɗaya. Daga ƙarshe za a duba auren rajista, inda al'amarin ya juya.

Yadda zaman yake gudana

A al'adar da aka gada, ana ɗaura aure ne a ƙofar gidan waliyyin amarya ko a zaurensa, galibi da hantsi. A shimfiɗa tabarmi, a kawo goro, daga baya aka ƙara da alewa da dabino. Amarya ba ta zuwa wurin. Ango ma a dā ba ya zuwa, ɓuya yake yi a gidan abokinsa, sai a zamanin nan ne ya zama yana halarta cikin babbar riga yana gaisawa da jama'a. In an natsu, wakilin ango ya matso kusa da waliyyin amarya ya nema wa wane auren wance, a wurare da yawa har sau uku. Waliyyi ya ce ya ba shi. Wakili ya ce ya karɓa masa. Malami ya tambayi sadaki nawa ne, lakadan ne ko ajalan, ya kuma tambayi wanda ya ɗauki nauyin ci da sha da sutura. Sanƙira yana tsaye yana maimaita kowace magana da ƙarfi domin na nesa su ji, yana neman jama'a su shaida. Daga nan sai salati da addu'a, a shafa fatiha, a raba goro, a watse. Duk abin ba ya kai rabin sa'a.

Wanda ya lura da wannan tsari zai ga cewa auren ya ƙullu ne a daidai lokacin da waliyyi ya ce "na ba shi", wakili ya ce "na karɓa". Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira siga. Duk abin da malami ya faɗa kafin wannan tambaya ce ta tabbatarwa, abin da ya faɗa bayansa kuwa addu'a ce.

Abin da littattafan fiƙihu suka shimfiɗa

Ƙasar Hausa a kan mazhabar Malikiyya take, kuma littattafan da alƙalai da malaman zaure suka dogara da su sanannu ne: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Mukhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426. A cikinsu duka abubuwan da aure yake tsayuwa a kansu su ne waliyyi, da sadaki, da siga, da miji da mata waɗanda babu abin da ya haramta su ga juna, da kuma shaidu biyu adalai, waɗanda dole a same su kafin tarewa. Babu liman a wannan lissafi. Hudubar aure mustahabbi ce, in an bar ta aure bai ɓaci ba. Saboda haka da a ce uban yarinya da manemin aurenta za su zauna gaban adalai biyu su ƙulla magana a kan sadakin da bai gaza rubu'in dinari ba, watau zinariya da ta ɗan haura giram ɗaya, to aure ya ɗauru ko da babu malami a garin.

Wannan ya saɓa wa abin da aka sani a waɗansu addinai da ƙasashe. Cocin Katolika, tun daga taron Tirento a 1563, ta shar'anta cewa sai a gaban limamin coci da shaidu biyu aure zai inganta. A Faransa, tun 1792, auren da hukuma ta sani shi ne wanda aka ɗaura a gaban magajin gari ko mataimakinsa. A Amurka kuwa abin ya kai har ango da amarya sukan zaɓi abokinsu, ya nemi takardar limanci ta intanet, ya zo ya ɗaura musu aure, kuma jihohi da yawa sun yarda da haka. A duk waɗannan wurare tambayar ita ce wa ke da iznin tsayawa a gaban ma'aurata. A Musulunci tambayar ita ce wa ke da ikon ba da matar.

To wannan iko yana da tsari. Na farko shi ne uba, wanda Malikiyya ta ba shi ikon da ake kira ijbari a kan 'yarsa budurwa, sai kuma wasiyyin da uban ya bar wa wannan al'amari. Muddin uba yana raye, yana da hankalinsa, kuma ana iya samunsa, duk wanda ya aurar da budurwar ba da izninsa ba, auren abin rushewa ne, ko da an tare an daɗe. Ijbarin nan ma yana da iyaka. A 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta yanke hukunci cewa uban da ya riga ya bar wa 'yarsa zaɓi tsakanin manemanta ba shi da sauran ikon tilasta mata.

Idan babu mai ijbari, kamar a auren bazawara ko marainiya baliga, sai a bi dangin uba bisa kusanci. Ɗan matar ne a gaba, in tana da ɗa baligi, sa'an nan jikanta ta wajen ɗa, sa'an nan uba, sai ɗan'uwanta shaƙiƙi, sai wanda suke uba ɗaya, sai 'ya'yansu maza, sai kaka, sai baffa, sai ɗan baffa. Bayan waɗannan sai wanda ya riƙe ta, sai alƙali, sai kuma kowane Musulmi. Abu biyu a nan sukan ba ɗalibai mamaki. Na farko, ɗa yana gaban uba a auren bazawara, abin da kunyar Bahaushe ba za ta taɓa barin a gani a fili ba, don da wuya a sami saurayin da zai zauna a tabarma ya ce ya ba da auren mahaifiyarsa. Malikiyya ta sauƙaƙa wannan, domin in na nesa ya ba da auren alhali na kusa yana nan, kuma ba mai ijbari ba ne, auren ya inganta. Na biyu, kawu, watau ɗan'uwan uwa, ba ya cikin jerin ko kaɗan, duk da irin matsayin da yake da shi a zumuncin Hausawa. Haka nan uwa, ko gwaggo, ko kaka mace, komai wahalar da suka sha a kan yarinya, ba su ba da aure da bakinsu. Waliyyi lalle ne ya kasance namiji, Musulmi, baligi, mai hankali, wanda ba ya cikin haramar hajji ko umra.

Inda al'ada ta shigo

A aikace, da wuya a ga uba ya ba da auren 'yarsa da kansa. Alkunya takan sa ya miƙa al'amarin ga wansa ko ƙanensa, ko amininsa, ko mai unguwa, balle in 'yar fari ce wadda ko sunanta ba ya faɗi. Wannan karamci ne mai kyau, yana ƙara danƙon zumunci, kuma yana sa in rigima ta tashi a gidan miji a sami dattijon da zai shiga tsakani ba tare da zafin zuciyar mahaifi ba. Amma wajibi ne a gane sunan wannan mutum a shari'a. Jama'a suna ce masa waliyyi, alhali shi wakilin waliyyi ne. Ikonsa aro ne daga uba, kuma ba ya wuce abin da uban ya ba shi. In uba ya ce a ba wane, baffa ba shi da ikon ya ba wani. In uba ya janye wakilcin kafin a zauna, ikon ya koma inda ya fito.

Haka abin yake ga sarki ko gwamna ko attajiri da akan roƙa ya zama "waliyyin amarya" a bukukuwan manya. Rawaninsa ko muƙaminsa ba ya ƙara wa auren inganci, ba ya kuma rage masa. Abin da ake dubawa shi ne, shin mai haƙƙin ya wakilta shi, kuma shin shi kansa ya cika sharuɗɗan waliyyi? Domin malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin wakilan nan biyu. Ango yana iya wakilta kusan kowa ya karɓa masa aure, amma waliyyi ba ya wakilta sai wanda ya cika irin sharuɗɗan da shi ya cika.

Wurin da aka fi samun tangarɗa shi ne riƙo. Yarinya ta tashi a hannun gwaggonta ko kawunta tun tana 'yar shekara uku, su suka ciyar da ita, suka sa ta makaranta, su manemi ya sani, su aka kai wa gaisuwa da kuɗin aure. Uban yana can wani gari, wataƙila ya rabu da uwar cikin ɓacin rai. Sai a sa rana, a buga kati, a ɗaura aure, ba wanda ya tuna a aika masa. Bayan wata biyu sai ga sammaci daga kotu. A nan alƙali ba zai tambayi wanda ya sayi gado da katifa ba, zai tambayi wanda ya ba da izni. Maganin wannan kuwa bai wuce tafiyar yini ɗaya ba, ko wasiƙa, ko waya a gaban shaidu, inda uban zai ce ya wakilta mai riƙon. In kuwa uban ya ƙi ne don ƙeta, alhali manemin ya dace, shari'a ta buɗe ƙofa: a kai wa alƙali, ya umurce shi, in ya ƙi alƙali ya aurar. Ana zuwa wurin alƙali ne kafin a ɗaura, domin a lokacin ne abin yake da sauƙin gyara.

Akwai kuma mas'alar da littattafan suka yi wa babi na musamman, watau mace mai waliyyai biyu. Bazawara ta ce wa wanta ya aurar da ita, ta kuma ce wa baffanta haka nan, kowannensu ya ba da ita ga mutum daban. Hukuncin shi ne matar ta na farko ce, sai fa in na biyun ya riga ya tare da ita bai san da na farkon ba. Mas'alar tana kama da tatsuniya, amma duk gidan da ya rabu biyu a kan manema biyu yana dab da faɗawa cikinta.

Ma'aikatan gwamnati suna da nasu kason a nan. Mutum ya sami canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ya ga mace a bariki, su shirya, a sami wani malami ya zama shi ne waliyyi, shi ne mai huduba, abokai biyu su zama shaidu, a ce musu su yi shiru kada uwargida ta ji. Kuskure biyu ne a haɗe. An tsallake waliyyan matar alhali ana iya samunsu, sa'an nan an umurci shaidu da ɓoyewa, wanda Malikiyya ta kira auren sirri ta ce a rushe shi. Daga nan za a fahimci amfanin sanƙira, wanda waɗansu 'yan boko suke ɗauka maroƙi ne kawai mai neman na goro. Kururuwarsa ita ce yayatawar da shari'a take so.

To mene ne amfanin malami?

Kada a ɗauka daga abin da ya gabata cewa zaɓen malami aikin banza ne. Shi ne mutum ɗaya a wurin wanda ake sa ran ya san duk abin da aka ambata, kuma shi ne zai iya tsai da zaman in ya ga ɓaraka. Malamin kirki yakan yi tambayoyinsa tun kafin ranar. Wa zai ba da auren, kuma me ya haɗa shi da yarinyar? Uban yana raye? An nemi yardarta? In bazawara ce, sai ta furta da bakinta, shirunta bai isa ba. Yaushe aka sake ta, ta cika tsarki uku? In mijin rasuwa ya yi, ta cika wata huɗu da kwana goma, ko ta haihu? Wannan tambaya ta idda ba ƙarama ba ce, domin a Malikiyya wanda ya auri mace cikin idda ya kuma tare da ita, ta haramta gare shi har abada. Sai kuma batun shayarwa, wanda yake da yawa a gidajen da kishiyoyi da faccaloli suke shayar da 'ya'yan juna. Malamin da aka ɗauko daga wani gari don sunansa, ya iso ana saura minti goma, ba shi da hanyar sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Limamin unguwa, wanda wataƙila shi ya raɗa wa yarinyar suna, ya san su tun ba a tambaye shi ba. A wannan fuska tsohuwar al'ada ta fi sabuwar hikima.

Abubuwa uku ne suka sauya yadda ake wannan zaɓe. Na farko saɓanin aƙida. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, gidaje da yawa suka rabu, uba ɗan ɗariƙa, ɗa ɗan Izala, har ta kai ana gardama a kan wanda zai yi addu'a da irin salatin da za a karanta. Tun da yake huduba da addu'a ba su cikin abin da aure yake tsayuwa a kansa, gardamar ba ta shafi ingancin auren ba, kuma al'ada ta riga ta yanke ta: gidan amarya ne masu zaman, su ke kiran malami. Na biyu komawar ɗaurin aure daga ƙofar gida zuwa masallaci, musamman bayan sallar Juma'a, inda liman ɗaya yakan ɗaura aure biyar ko goma a jere, waɗansu bai taɓa ganin iyayensu ba. Na uku neman suna. A watan Agusta na 2021, da aka ɗaura auren ɗan Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari da 'yar Sarkin Bichi a garin Bichi, wanda ya jagoranci zaman shi ne Shaihu Isa Ali Pantami, Ministan Sadarwa na lokacin, a kan sadaki Naira 500,000. Abin da manya suka yi shi na ƙasa suke kwaikwayo, kowa yana son a ce shahararren malami ne ya ɗaura auren 'yarsa.

Hukuma ma ta fara ɗora wa mai ɗaurin aure nauyi. A Jihar Kano, auren gata da Hukumar Hisba ta fara shiryawa a 2012, wanda a Oktoba 2023 ya haɗa ma'aurata 1,800, ya zo da gwajin lafiya kafin a ɗaura. A 2024 jihar ta mai da gwajin doka a kan kowa: ba a ɗaura aure sai da takardar asibiti mai nuna an duba rukunin jini saboda cutar sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta. Liman ke nan ya zama mai duba takarda kafin ya buɗe baki.

Auren rajista

A Nijeriya aure iri uku ne doka ta sani: na Musulunci, da na gargajiya, da na Dokar Aure, wanda aka fi sani da auren rajista ko auren kotu. Tsarin Mulki na 1999 ya bar na ukun a hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar ta samo asali ne daga wadda Turawa suka kafa a 1914, kuma ita ce Kiristoci da yawa suke aure a ƙarƙashinta, har da Hausawa Kiristoci irin na Wusasa. Musulmi ma, musamman ɗalibai da ma'aikata masu neman bizar tafiya da iyali ƙasashen waje, sukan je su yi shi don samun takarda.

A nan kam mai ɗaurin auren da wurin ɗaurin su ne ginshiƙi. Ana fara ba da sanarwa ga magatakardan aure, a lika ta kwana 21, in ba wanda ya kawo ƙorafi ya ba da takardar izni, kuma lalle a ɗaura cikin wata uku daga ranar sanarwar. Mutum biyu kaɗai ke da ikon ɗaurawa. Ko dai shi magatakardan a ofishinsa, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, ko kuwa limamin da majami'arsa ta amince da shi, a wurin ibadar da ke da lasisi, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma. A duka biyun ƙofa a buɗe take, kuma da shaidu aƙalla biyu. In ma'auratan duka biyu suna sane suka yarda aka ɗaura a wurin da ba shi da lasisi, ko ba tare da takardar magatakarda ba, ko ta hannun wanda ba shi da wannan iko, auren ba shi da tushe a ƙarƙashin dokar. Shi ya sa akan sami waɗanda suka yi biki a coci da farar riga da zobe, bayan shekaru su tarar a kotu cewa albarka kawai aka sa wa aurensu na gargajiya.

Wanda zai je rajista don neman biza yana bukatar sanin abin da ya sa hannu a kai. Auren na mace ɗaya ne. Wanda yake da wata matar ta auren al'ada ba shi da ikon yin sa da wata dabam, wanda kuma ya yi shi sa'an nan ya ƙara aure na al'ada a kai, dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara 5. Ba a kuma warware shi da furucin saki ko a gaban alƙalin shari'a, sai Babbar Kotu, bisa dokar 1970 ta shari'o'in aure. In an gama ɗaurawa, mai ɗaurin yakan cika takardar shaida guda biyu, shi da ma'aurata da shaidu su sa hannu. Ɗaya ya ba ma'auratan, ɗayar kuma, in a coci aka ɗaura, ya aika wa magatakarda cikin kwana bakwai.